Shida ga Fagume

Litinin ce a Gondar, damina na naɗe tabarmarta,
layin masu neman fasfo ya kai bakin titi.
Ni ke tebur na uku, gefen tagar da ba ta rufuwa.
Tsohuwa ta zauna tun ban ce ta zauna ba,
farin mayafi, lema mai karyayyen haƙarƙari.
Sunanta Tiruwark.
'Yarta ta sauka a Toronto, za ta je ganin jinjiri.

Na ce, Iya, yaushe aka haife ki?
Ta ce, shida ga Fagume, shekarar Luka,
alif ɗari tara da arba'in da uku.
Mahaifina ya rubuta a bangon Zabura,
asu ya ci bangon, bai ci kaina ba.

Na dubi na'urar da ke gabana.
Ƙofa goma sha biyu gare ta, ko taga babu ƙari.
Mu kuwa watanninmu sha uku ne:
sha biyu masu kwana talatin cif,
sai ɗan auta Fagume, mai kwana biyar,
in shekara huɗu ta zagayo a yi masa gyara da ɗaya,
kamar yadda mai gyaɗa ke yi wa ɗan maƙwabta.
A kan wannan gyaran ta faɗo duniya.

Na jawo takarda.
Daga sabuwar shekararmu zuwa ƙarshen Disambarsu
bakwai ake ƙarawa,
da Janairu ta kama, takwas.
Na lissafa, na sake, don kar in ci amanar tsohuwa.
Na ce, sha ɗaya ga Satumba,
alif ɗari tara da hamsin da ɗaya.

Ta dafe ƙirji.
Yaro, da ƙafata na shigo,
ka ɗora mini shekara takwas a zama guda?
Ina na ci su? Wa ya dafa?
Na ce, hatsin nan dai shi ne, Iya,
mudu ne ya bambanta.
Masu layi suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, ranata baƙuwa ce,
sai shekara huɗu take leƙo gida.
Ran nan uwata kan soya gahawa har zagaye uku,
ta tsinko furen rawaya ta soka mini a kitso.
Mijina Alebacew sau goma sha ɗaya ya gan ta tare da ni,
ta sha biyu ta zo ta tarar da kujerarsa.
Wannan da ka ba ni fa?

Na sunkuyar da kai, don na san amsar.
Shekara uku cikin huɗu,
sha ɗaya ga Satumba ranar sabuwar shekara ce,
ta mai gari da mai jaki, ta kowa da kowa.
Na ɗauke ta daga ɗan ɗakinta
na ajiye ta tsakiyar kasuwa.

Na buga lambobin. Na'ura ta haɗiye, ba ta ƙware ba.
Hatimi ya sauka.
Sai na yago gefen takardar lissafina,
na rubuta da baƙaƙenmu: Fagume, shida.
Ta ninke shi huɗu, ta ƙulle a bakin mayafi
inda take ajiye kuɗin mota.

Na ce, ki dawo Alhamis, ƙarfe uku.
Ta tsaya a ƙofa, lema a hammata,
ta ce, ukun wa?
Namu da ke ƙirgawa daga fitowar rana,
ko nasu da ke farawa cikin dare
lokacin da ba mai ido biyu sai ɓarawo?

Na ce, namu, Iya. Da hantsi.